Neman Garin Zama da Mota Mai Ɗaki Bayan Ritaya: Daga Ingila Zuwa Andalus da Maroko

Duk wanda ya shafe shekara talatin yana aiki a Birtaniya, ranar da ya ajiye aiki akwai tambayar da ke jiransa: a ina za a ƙarasa zama? Wasunmu gida suke komawa, Allah Ya sa albarka a komawarsu. Wasu kuwa 'ya'ya da jikoki suna Leeds da Manchester, likitan da ya san hawan jininsu yana nan, amma gwiwa ta daina jure sanyin Janairu da duhun ƙarfe huɗu na yamma. Ni da Hajiya a cikin waɗannan muke. Mun sayi mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da banɗaki a cikinta, muka ratsa Faransa da Sifaniya da Fotugal har Maroko muna duba garuruwa. Abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka sayar da gidanka tukuna, kuma kada ka sayi wani daga hotunan intanet, wannan cinikin biri a sama ne. Ka je garin da ƙafarka, ka daɗe a cikinsa, ka kuma zaɓi lokacin da ya fi wuyar zama.

Kafin ka je kallon motoci, ɗauko fasfonka. Tun 1 ga Janairu 2021 mai fasfon Birtaniya baƙo ne a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken kan iyaka a tsakaninsu, kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180. Lissafin ba ya farawa daga sabuwar shekara. A kowace rana ana waiwayawa baya kwana 180, a ƙirga nawa ka yi a ciki, har da ranar shiga da ranar fita. Faransa da Sifaniya da Fotugal duk asusu ɗaya ne, tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba ya ƙara maka ko yini. Da can hatimin fasfo ake dubawa, amma daga Oktoba 2025 an fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, kwamfuta ce ke riƙe lissafin. Fasfon kada ya kai shekara goma da fitowa ranar da za ka shiga, kuma ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita.

Idan fasfon Najeriya ko na Nijar ne a hannunka tare da izinin zama na dindindin, sai ka nemi bizar Schengen a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Akwai kuma abin da ya fi bizar nauyi: wannan izinin zama yana faɗuwa idan ka yi shekara biyu a jere ba ka taka Birtaniya ba. Wanda ke da niyyar ƙaura, kuma ya cancanci zama ɗan ƙasa, gara ya kammala wannan kafin ya ɗaure kaya.

Sai motar kanta. Lasisin tuƙi na yau da kullum kilo 3,500 ya yarje maka, da kai da iyalinka da ruwa da mai da kaya gaba ɗaya. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya kafin 1 ga Janairu 1997 yana da izinin C1, har kilo 7,500, sai dai idan ya cika shekara 70 dole ya kawo takardar likita kafin a sabunta masa. Ni a ganina ka tsaya a 3,500, tsawonta kuma ya kasance wajen mita shida, kada ya kai bakwai. Kuɗin hanya a Faransa yana tashi idan mota ta haura wannan nauyi ko tsayin mita uku, kuma lungunan tsofaffin garuruwan Andalus don alfadari aka yi su.

Dillali zai yi ta nuna maka firji da labule. Kai ka tambaye shi kilo nawa ya rage da za ka iya lodawa. A motoci da yawa abin da ya rage bai wuce kilo ɗari huɗu ba, alhali lita ɗari ta ruwa ita kaɗai kilo ɗari ce, ga tukwanen gas, ga batir na biyu, ga shinkafa da tukwanen girki. Ka loda ta kamar gobe za ka tashi, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna. Injin ba shi ne abin tsoro ba, tunda yawancinsu a kan Fiat Ducato aka gina su, kowane bakanike a Turai ya san shi. Danshi ne ke cinye waɗannan motoci. Ka shinshina cikin kabad, ka danna bango a gefen taga da yatsa, in ya lotsa ka bar ta, kuma ka sa a gwada ta da na'urar auna danshi kafin ka biya. Ka nemi mai gado a ƙasa wanda ba sai an naɗe shi kowace safiya ba. Mai shekara sittin da biyar da ke tashi kewayawa cikin dare ba ya buƙatar tsani. Ka je da dardumarka ma, ka shimfiɗa ta tsakanin murhu da ƙofa, ka ga ko za ka iya sujada ba tare da kanka ya bugi ƙafar kujera ba, domin ranar ruwan sama a nan za ka yi salla. In da hali, ka fara hayar irinta na mako ɗaya ko biyu. Wasu ma'aurata a nan suke gane cewa zaman ɗaki ɗaya dare da rana ba nasu ba ne, kuma gara a gane da kuɗin haya.

Maganar ruwa ta Musulmi daban take da abin da za ka ji a bakin Turawa. Su sukan ce tanki ɗaya yana kai su kwana uku ko huɗu. Ga mutum biyu masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa, ba ya kaiwa, sai an yi dabara. Alwala da buta, kada a bar famfo a buɗe. Akwatin banɗakin da ake zarowa daga waje bai kai lita ashirin ba, kuma ruwan tsarki yana cika shi da wuri, saboda haka ka tsara tafiyarka yadda kullum ko bayan kwana biyu za ka ratsa wurin zubarwa, ko ka sayi akwati na biyu. A wuraren nan famfo biyu ne, ɗaya na ɗauraye akwatin, ɗaya na ruwan sha. Kada ka kuskura ka haɗa su, kuma ka riƙe tiyo naka na kanka. Tukunyar gas ta Birtaniya ba a musanya ta a tsallaken ruwa, don haka ka sa a girka maka wadda ake cikawa a gidan mai, ka sayi bakunan haɗawa na Faransa da na Sifaniya. Ƙararrawar da ke gano gubar hayaƙi kuwa wajibi ce, tunda da hita a kunne za ku riƙa kwana.

Guzuri: doka ta hana shigar da nama da madara daga Birtaniya zuwa Tarayyar Turai. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sai a cinye su kafin a hau jirgin ruwa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji ba su cikin wannan hani na nama da madara, kuma su ne za ka nema ka rasa a hanya. Naman halal ba ya wuya a Faransa da kudancin Sifaniya, kusan kowane gari mai ɗan girma yana da mahauci ɗan Maroko. A Fotugal, da ka bar Lisbon sai ka yi nema, amma kifi ya wadata. Ka dai riƙa tambaya a gidan abinci, domin kitsen alade yana shiga wake da miya har da wasu kayan fulawa, ko da ba ka ga nama a kwano ba.

Hanya biyu ce. Ko ka tsallaka daga Dover zuwa Calais cikin awa ɗaya da rabi ka keta Faransa da tuƙi, ko ka shiga jirgin ruwa daga Portsmouth ko Plymouth ka kwana a teku ka sauka Santander a arewacin Sifaniya. Ta biyun ta fi tsada, tekun kuma yana da hauka da hunturu, amma tana rage maka kwanakin da za su zube a kan titi daga cikin casa'in ɗinka. Ka riƙe takardar mallakar mota ta asali, ka liƙa alamar UK, ka nemi sitikar Crit'Air, mai nuna matakin hayaƙin motarka, in za ka shiga manyan biranen Faransa. Gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya, ba a yin sa a waje, saboda haka ka sabunta shi gab da tashi. Ka tambayi kamfanin inshora kwana nawa suka yarda motar ta yi a ƙetare. Katin GHIC, wato katin lafiya da Birtaniya ke bai wa matafiyanta, yana taimakawa a asibitin gwamnati, amma ba ya dawo da mara lafiya gida, sai ka haɗa da inshorar tafiya wadda ka bayyana mata ciwonka ba ɓoye-ɓoye. Magani kuma ka tafi da na wata uku da wasiƙar likita.

Wurin kwana ba matsala ba ne in ka san dokar kowace ƙasa. Faransa ta fi kowa tanadi, ƙananan garuruwa da yawa sun ware fili na irin waɗannan motoci, da ruwa da wurin zubarwa, wani kyauta wani da kuɗi kaɗan. A Sifaniya an bambanta ajiye mota da yada zango. Muddin tayoyi ne kawai a ƙasa, ajiyewa ka yi, ko kana barci a ciki. Da ka fito da kujera ko ka buɗe rumfa a bakin titi, ka yada zango, ana iya cin tararka. Fotugal ta tsaurara doka a 2021: a wajen wuraren da aka keɓe, awa 48 ce iyaka a ƙaramar hukuma ɗaya, a gandun da aka kare da yawancin bakin teku kuwa an hana gaba ɗaya. Manhajar Park4Night za ta nuna maka wurare, katin ACSI yana rage kuɗin sansani a lokacin da babu cunkoso. Wurare biyu ne ba na kwana a cikinsu ko an ce kyauta ne: tashoshin hutu na manyan tituna, saboda ɓarayi, da busasshen kwarin rafi. Ambaliyar Valencia ta 29 ga Oktoba 2024 ta kashe mutum fiye da ɗari biyu, kuma ta irin waɗannan kwaruruka ruwan ya biyo.

Duk wannan share fage ne. Aikin da ya fito da kai shi ne gwada gari, kuma a nan motar take iya ruɗin mutum. Sansanonin bakin teku cike suke da tsofaffin Jamusawa da 'yan Holan da Ingilishi, kowa cikin annashuwa, rana ta fito, an shanya tawul. Wannan hutu ne. Garin da za ka zauna yana can bayan titi, inda ake layin asibiti da safe. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi da ya yi niyyar zaman kwana huɗu ya daina ƙasaru. Ni na ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin awo: garin da ban cika salla a cikinsa ba, ban sa shi a lissafi ba. Wanda ya kwanta mana a rai kuwa mukan ba shi mako biyu zuwa uku. Ka ajiye motar, ka koma tafiyar ƙafa da bas, domin akwai ranar da ido ko doka za su raba ka da sitiyari.

Ka je a mummunan lokaci. Sevilla da Kordoba suna haura digiri 40 a Yuli da Agusta. Kada ka ce ai ka san zafin Afrilu a Sakkwato. Jikin da ya san shi ɗan shekara ashirin ne, kuma bai fara shan maganin hawan jini ba. Fotugal kuma da hunturu take nuna halinta: gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki na tsakiya, bango yana tsatsafo, cikin gida ya fi waje sanyi. Motarka mai hita za ta ɓoye maka wannan, shi ya sa a garin da ya kai zagayen ƙarshe ya kamata ka kama hayar gida na wata guda, a Janairu ko Agusta, ka kwana inda 'yan gari suke kwana.

Masallaci ka auna shi da ƙafa, da Asuba, ba da taswirar waya ba. Manya irin na Giranada da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, ko babban masallacin Lisbon, ba su da yawa. Galibi shago ne ko gareji aka gyara, ba hasumiya, ba lasifika a waje, wani ma ba a buɗe shi sai Azahar. Na Kordoba da ake ta ɗauka a hoto coci ne yanzu, ba a barin kowa ya yi salla a ciki. Abin da ya sanyaya mini rai a kudancin Sifaniya shi ne yawancin jama'ar 'yan Maroko ne, Malikawa, kuma da Warshu liman yake karatu, irin wanda muka tashi da shi a makarantar allo. Huɗuba da Larabci ce, hira bayan salla da Larabcinsu na gida ko Sifaniyanci. Ka zauna bayan Magariba ka ga ko wani zai miƙo maka hannu ya tambayi daga ina.

Liman ɗin nan shi za ka yi wa tambayar da dillalin gidaje ba zai taɓa tayarwa ba: in mutum ya rasu a garin nan, ina ake kai shi? A maƙabartun Sifaniya da yawa, a ramukan bango ake saka gawa, hawa-hawa, kuma kabari haya ne na wasu shekaru. Giranada da Fuengirola suna da maƙabartar Musulmi, Lisbon tana da sashe a Lumiar, amma garuruwa masu yawa ba su da ko ɗaya, shi ya sa 'yan Maroko da dama suke biyan inshorar mayar da gawa gida. Ka ji amsar da kunnenka, ka tattauna ta da iyalinka da 'ya'yanka tun kana da lafiya.

Sai asibiti. Ka shiga ƙaramin asibitin unguwa ka zauna rabin awa kana kallo. Ka kai kwalin maganinka kantin magani ka tambaya ko suna da irinsa. Ka auna nisan babban asibiti da dare. Ka tambayi kanka da gaske ko za ka iya bayyana ciwon ƙirji da harshen mutanen nan, in ba za ka iya ba, ka fara koyo tun kana cikin mota. Filin jirgi ma ka duba shi ta fuska biyu: daga Manchester zuwa Malaga ko Faro wajen awa uku ne, jikoki za su iya zuwa hutun makaranta, zuwa gida kuwa ta Kasabalanka ake samun jirgin Legas da na Yamai.

Kowannenku ya riƙe littafinsa daban, kada ku nuna wa juna sai kun bar garin. Akwai wani ƙauye fari fat a tsaunukan Alpujarra na kudancin Sifaniya, ruwa yana gudu a lambatu gefen hanya, gidaje da araha. Na cika shafi da yabonsa. Da muka sauko kwari Hajiya ta buɗe nata, abu biyu ta rubuta: yawan matakalar da ke tsakanin gidan da aka nuna mana da kantin burodi, da kuma cewa ba ta ga mace ko ɗaya da ɗankwali ba. Ta ce, "Alhaji, kai za ka sami abokan hira ko'ina. Ni wa zan yi wa sallama a nan?" Namiji yana da masallaci da shagon shayi. Matar da ta bar ƙawayenta da 'yan biki da makwabtan shekara talatin ita ce za ta ɗauki nauyin kaɗaici, saboda haka garin da ta ƙi, a soke shi kawai.

Idan casa'in ɗinka ta kusa cika, Maroko ce mafita, tunda ba ta cikin Schengen. Daga Algeciras ta kudancin Sifaniya zuwa tashar Tanger Med ta Maroko kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgin ruwa. Mai fasfon Birtaniya yana da kwana 90 ba biza, motar kuma kwastan suna ba ta wata shida. In inshorarka ba ta kai can ba, ana saye a tashar. Ka cika gas kafin ka tsallaka, domin can ba a cikawa a gidan mai, tukwanensu ake saye a kanti. Bakin teku daga Asila zuwa Sawira har Agadir cike yake da irin motocinmu da hunturu. Zuciya za ta karkata, babu shakka: kiran salla daga kowace kusurwa, karatun hizbi a jam'i bayan Magariba, nama ba sai ka tambaya ba. Amma ka zauna da alƙalami. Cikakken fanshon gwamnatin Birtaniya fam 230.25 ne a mako a shekarar 2025/26. Wanda ke zaune a Tarayyar Turai ana ƙara masa duk Afrilu, wanda ya koma Maroko, ko Najeriya ko Nijar ko Gana, a kan adadin da ya tafi da shi zai tsaya. Haka kuma takardar S1, wadda Birtaniya ke biyan kuɗin lafiyar ɗan fanshonta da ita a asibitocin gwamnatin Sifaniya da Fotugal da Faransa, ba ta aiki a Maroko. Duk da haka wasu suna zaɓarta da idonsu a buɗe, kuma ban ga laifinsu ba.

Mu a gabar Motril muka tsaya, kudu da Giranada da tafiyar kamar awa ɗaya. Tsaunuka sun tare mata iskar arewa, har mangwaro da gwandar masar ake nomawa, da can ma rake ne arzikin garin. Akwai babban asibiti, akwai jama'ar Musulmi, akwai jirgin ruwa zuwa Maroko daga tasharta, kuma tsakiyar garin Hajiya tana iya zagaya shi da ƙafa.

In ka tsai da gari, gida za ka koma ka nemi bizar zama, domin a ofishin jakadancinsu da ke Birtaniya ake nemanta. Bizar Sifaniya ta wanda ba zai yi aiki ba tana son ka nuna Yuro 2,400 a wata, da ƙarin 600 na matarka, ko ajiyar da ta kai haka na shekara, da inshorar lafiya ko S1, da takardar 'yan sanda da ta likita. Bizar D7 ta Fotugal ta fi sauƙin kuɗi, da mafi ƙarancin albashinsu ake aunawa, Yuro 870 a wata a 2025, da rabin haka na mata, amma sai ka sami lambar haraji da asusun banki da yarjejeniyar haya. Mota ba adireshi ba ce, dole a kama gida, kuma haya za ka fara ko da kana da kuɗin saye. Wanda ya wuce kwana 183 a shekara a Sifaniya ko Fotugal ya shiga hannun hukumar harajinsu, kuma dunƙulen kuɗin fansho da Birtaniya ke bari ka cira ba haraji, Sifaniya tana iya cire nata a ciki, don haka ka ga masanin harajin ƙasashen biyu kafin ka sa ranar ƙaura. Motar ma sai ka yanke shawara a kanta: da zarar ka zama mazauni dole a sauya mata lamba zuwa ta ƙasar, kuma mai sitiyari a dama tana da wahalar rajista da wahalar sayarwa a can. In ba ka da niyyar ci gaba da yawo da ita, ka dawo da ita Ingila ka sayar wajen Maris ko Afrilu, lokacin da masu saye suke fitowa.